Ohio State ta fi ɗibar taurari, Michigan ta doke ta sau huɗu a jere: yaya ake kwatanta su?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ya fara bin ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, irin wadda ake rungumar ƙwallon ana ruga da ita. Ya ce duk shekara idan aka fitar da jadawalin sababbin yaran da jami'o'i suka ɗiba daga sakandare, yakan ga Ohio State a saman Michigan da tazara mai yawa, amma daga 2021 zuwa 2024 Michigan ce ta yi ta lallasa ta. Shin jadawalin na bogi ne? In kuma ba na bogi ba ne, ta yaya mutum zai kwatanta ɗibar makarantu biyu maƙwabta da ba sa ga maciji da juna?

Malam, jadawalin ba na bogi ba ne. Kaya ne ake ɗora masa fiye da abin da zai iya ɗauka. Yana faɗa maka wace makaranta ce ta tara yaran da suka fi baiwa a idon masu tantancewa, a ranar da yaran suka sa hannu, suna da shekara 17 ko 18. Wanda zai ci wasan da makarantun biyu ke karawa a ƙarshen Nuwamba bayan shekara uku kuwa, wannan hisabi ne daban.

Ga yadda ake haɗa shi. Yara fiye da miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka. Kamfanoni irin su 247Sports, Rivals, ESPN da On3 suna da ma'aikatan da ke kallon faifan wasannin yaran, suna zuwa sansanonin gwaji, suna auna tsayi da nauyi da gudu, sannan su ba kowane yaro taurari. Mai tauraro biyar shi ne ƙololuwa, kuma a ƙasar gaba ɗaya ba su cika wuce talatin da 'yan kai ba a shekara. 247Sports ma takan tsaya a kan 32, daidai da yawan waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen gasar ƙwararru ta NFL. Masu tauraro huɗu 'yan ɗaruruwa ne. Sauran, waɗanda su ne mafi yawan masu cika ƙungiyoyin jami'o'i, masu uku ne ko ƙasa da haka. Daga nan sai a haɗa makin yaran da kowace makaranta ta samu a zubin wannan shekara, a jera makarantun daga ta ɗaya zuwa ƙasa.

Tun a wajen haɗa makin ake fara ruɗuwa. Jadawalin jimilla yake dubawa, don haka makarantar da ta ɗauki yara 28 tana iya zama a saman wadda ta ɗauki 19, ko da yaran ta biyun sun fi nagarta ɗaya bayan ɗaya. An yi ƙoƙarin rage wannan, domin a lissafin 247Sports yaron da ya fi maki shi ya fi nauyi, na can ƙasa kuma ɗan abin da suke ƙarawa kaɗan ne, amma har yanzu yawa yana tasiri. Yawan kuma sau da dama ba zaɓin koci ba ne. Shekara da shekaru doka ta taƙaita guraben karatu kyauta na ƙungiya a kan 85, saboda haka makarantar da manyanta da yawa suka kammala ita ke da gurbin ɗibar sababbi da yawa. Idan ka buɗe jadawalin, ka nemi layin matsakaicin maki na kowane yaro, ka ajiye shi kusa da jimillar. In su biyun sun nuna makaranta ɗaya ce a gaba, to tazarar ta gaske ce. Tsakanin Ohio State da Michigan, a shekarun da kake magana, duka biyun Ohio State suka nuna.

Kuma zubi ɗaya ba ya yin ƙungiya. Waɗanda ke cikin fili ranar wasa yaran zubi huɗu ne ko biyar. Wani ɗan jarida mai suna Bud Elliott ya daɗe yana fitar da wani ma'auni mai sauƙi: a duba zubi huɗu na baya-bayan nan, a ga ko masu tauraro huɗu da biyar sun fi rabin waɗanda makarantar ta ɗauka. Fiye da shekara goma, duk wadda ta ɗauki kofin ƙasa ta haye wannan rabin, sai a kakar 2025 da Indiana ta zo ta rusa lissafin da ƙungiyar da ta cika da 'yan sauya makaranta. Abin da ya shafi tambayarka shi ne, Michigan ta 2023 ita ma ta haye rabin, ko da yake da ɗan kaɗan, Ohio State kuwa tana can sama da kashi 80 cikin ɗari. Wato ba kurar da ta gamu da akuya ba ce. Ƙungiyoyi biyu ne masu ƙarfin cin kofi, ɗaya ta fi ɗaya yawan taurari.

Bari mu ɗauki zubin 2021 mu duba shi da kyau, don a cikinsa amsar take. Wannan zubi an tantance shi a lokacin annobar korona. Daga Maris 2020 har zuwa farkon Yuni 2021, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta hana kociyoyi ganawa da yara ido da ido, don haka yawancin hukuncin a kan faifai aka yanke shi. Ohio State ta zo ta biyu a ƙasar, Alabama ce kaɗai a gabanta. Ta samu Jack Sawyer, ɗan jihar Ohio, da J.T. Tuimoloau da Emeka Egbuka daga jihar Washington, da TreVeyon Henderson daga Virginia, da Donovan Jackson daga Texas, da Marvin Harrison Jr. da Kyle McCord, abokan wasa daga sakandare ɗaya a Philadelphia. Daga baya Quinn Ewers, wanda ake ɗauka shi ne na ɗaya a ajinsu, ya kammala sakandare da wuri ya shigo wannan zubin. Michigan ko cikin goman farko ba ta shiga ba. Fitattun nata su ne J.J. McCarthy, mai jefa ƙwallo, da Donovan Edwards, mai ruga da ita.

Sawyer, Tuimoloau, Egbuka da Henderson sun yi shekara huɗu a Columbus, garin da Ohio State take, kuma ko sau ɗaya ba su doke Michigan ba. An ci su 42 da 27 a 2021, 45 da 23 a gidansu a 2022, 30 da 24 a 2023, sannan 13 da 10 a gidansu a 2024. Waɗannan yaran dai, makonni kaɗan bayan wannan kashi na huɗu, suka bi ta kan Tennessee, Oregon, Texas da Notre Dame suka ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025. A wasan Texas ma, Sawyer ne ya kayar da Ewers, wanda ya bar Ohio State bayan kaka ɗaya ya koma jiharsu ta Texas, ya ɗauke ƙwallon da ta suɓuce masa ya ruga yadi 83 da ita ya rufe wasan. A watan Afrilun da ya biyo baya, ƙungiyoyin NFL suka ɗauki 'yan Ohio State 14. To ka ga masu tantancewa ba su yi ƙarya ba game da baiwar yaran. Kaka mai wasa 16 tana ba baiwa da yawan 'yan canji damar yin aikinsu. Wasa ɗaya na sa'a uku, cikin sanyin ƙarshen Nuwamba, da abokin gabar da ya kwana shekara guda yana shirya maka, wasu abubuwa ne ke yanke shi.

Babba a cikinsu shi ne inda taurarin suke tsayawa a fili. Jadawali yana ƙirga mai tauraro biyar a matsayin mai tauraro biyar, ko mai cafe ƙwallo ne ko ƙaton da ke tsaye a sahun gaba yana ture mutane. Ohio State ta shahara wajen tara masu cafe ƙwallo, har ta kai wasu ƙwararru suna zaman benci. Jameson Williams sai da ya bar ta ya koma Alabama kafin ya samu wuri, aka kuma ɗauke shi a zagayen farko na NFL. Sai dai mutum uku ko huɗu ne kawai za su iya shiga fili a wannan matsayi lokaci guda. Michigan a ƙarƙashin koci Jim Harbaugh ta zuba ƙarfinta a kan 'yan sahun gaba, kuma su ne suka ci kyautar Joe Moore, ta sahun gaba mafi kyau a ƙasar, a 2021 da 2022 a jere.

Ka duba wasan 2021 a Ann Arbor, garin da jami'ar Michigan take, dusar ƙanƙara na sauka, mutum sama da dubu ɗari a filin. Michigan ta yi ta miƙa wa Hassan Haskins ƙwallo yana kutsawa ta tsakiya. Kowa ya san abin da za a yi, aka kasa tare shi. Ya ci yadi 169, ya shiga gidan Ohio State sau biyar. Haskins mai tauraro uku ne da ya zo daga Missouri. A ɓangaren tsaro, Aidan Hutchinson ya kayar da C.J. Stroud, mai jefa wa Ohio State ƙwallo, sau uku, abokin aikinsa a ɗaya gefen kuma David Ojabo ne, haifaffen Fatakwal da ya tashi a Aberdeen ta Birtaniya, wanda bai fara wannan wasa ba sai da ya je sakandare a New Jersey. Yaro irin Ojabo, da ya fara a makare, babu yadda mai tantancewa zai san iyakarsa yana ɗan shekara 17. Haka ƙatti 'yan sahun gaba. Sun fi kowa wuyar aunawa, domin jikinsu bai gama ginuwa ba sai sun yi shekara biyu ko uku a ɗakin ɗaga ƙarfe da teburin abincin jami'a. Mai kiwon raguna ya san wannan: ɗan tunkiyar da ya fi kyan gani ranar kasuwa ba lallai shi ne zai fi cika ido ranar layya ba, hannun da ya yi kiwon ma yana da nasa rabon.

Wasan 2024 ya ƙara fito da abin fili. Michigan ta je Columbus da nasara shida da rashin nasara biyar, mai jefa mata ƙwallo Davis Warren ne, wanda ya shigo makarantar ba tare da gurbin karatu kyauta ba. Amma a tsakiyar sahun tsaronta akwai Mason Graham da Kenneth Grant. Graham sai da ya fara yi wa Boise State alkawari kafin Michigan ta janye shi, Grant kuma daga jihar Indiana ya zo ba tare da wata hayaniya ba. Su biyun suka toshe tsakiya, Ohio State ta ƙare da maki goma. A zaɓen NFL na 2025 aka ɗauki Graham na 5, Grant na 13. Babu jadawalin 2022 da ya hango haka.

Sai batun mai jefa ƙwallo, wanda shi kaɗai yakan rinjayi yara biyar a wasu matsayai, alhali a jadawali ƙuri'a ɗaya gare shi. McCarthy da McCord 'yan zubi ɗaya ne, makinsu kusa da juna. Ohio State ta zaɓi McCord, McCarthy ya tafi Michigan. McCarthy ya fara wasa 28, ya ci 27, ya ɗauki kofin ƙasa na kakar 2023 bayan doke Washington 34 da 13. McCord ya sha kashi a Ann Arbor a 2023, ya koma Syracuse, inda ya fi kowa a ƙasar yawan yadin jifa a 2024. Ban yarda da masu cewa McCord ba shi da kyau ba, abin da ya yi a Syracuse ya ƙaryata su. Amma idan kana kwatanta zubin makarantun biyu, wannan zaɓi guda ya fi bambancin matsayi na biyu da na goma sha wani abu nauyi.

Tunda maƙwabta kake tambaya, akwai ma'aunin da jadawalin ƙasa ba ya nunawa ko kaɗan: yaran da makarantun biyu suka nema tare, wa ya samu? Yaron da ka ƙwace daga hannun abokin gaba riba biyu ce, ka ƙaru shi ya ragu. Ann Arbor da Columbus tazarar kusan kilomita 300 ce, kuma jihar Ohio ta fi jihar Michigan fitar da 'yan wasa. Tarihin gabar ya bi wannan layi. Bo Schembechler, wanda ya kama ragamar Michigan a 1969, ɗan Ohio ne kuma tsohon mataimakin Woody Hayes na Ohio State. Desmond Howard, da ya ci wa Michigan kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 1991, ɗan Cleveland ne. Charles Woodson, da ya ci ta a 1997, ɗan Fremont ne. Duka garuruwan a Ohio suke. Da Jim Tressel ya zo Ohio State a 2001 ya mai da hankali kan riƙe yaran jiharsa, sai akalar wasan ta juya. Urban Meyer ya zo ya faɗaɗa neman zuwa Texas, Florida da sauran sassan ƙasar, ya kara da Michigan sau bakwai daga 2012 zuwa 2018 ya ci duka. Wannan ma ya kamata ka sa a lissafi: kafin nasarori huɗun da suka ja hankalinka, Ohio State ta ci takwas a jere. Idan ka miƙe ma'aunin zuwa shekara ashirin, wadda ta fi ɗibar taurari ita ce ta fi cin wasan, da rata mai yawa.

Abin da ya fi sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne, yaron da ya sa hannu yau ba lallai yana nan baɗi ba. An buɗe rajistar masu neman sauya makaranta a Oktoban 2018. A 2021 aka yarda ɗan wasa ya sauya ya ci gaba da buga wasa nan take ba tare da zaman jiran shekara ba, kuma daga 1 ga Yulin wannan shekarar aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL. Babu misalin da ya kai na Texas A&M. Zubinta na 2022 ya zo na ɗaya, da masu tauraro biyar har takwas, maki mafi yawa da aka taɓa gani zuwa lokacin. Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, ya fito fili ya zarge su da sayen 'yan wasan, kocinsu Jimbo Fisher ya mayar masa da martani mai zafi. A kakar suka ci biyar aka ci su bakwai. A Nuwamban 2023 aka sallami Fisher da diyyar da ta haura dala miliyan 70. Walter Nolen ya koma Ole Miss, Evan Stewart ya koma Oregon, Conner Weigman ya koma Houston. Nolen ya tabbata gwani, an ɗauke shi a zagayen farko na NFL, amma wata makarantar ce ta ci moriyar shekararsa mafi kyau.

Ƙofar nan tana shigo da mutane kamar yadda take fitar da su. Olusegun Oluwatimi, ɗan asalin Najeriya, daga Virginia ya zo Michigan a 2022 ya ci kyautar ɗan tsakiyar sahu mafi kyau a ƙasar. Kofin Ohio State na 2024 kuma da hannun Will Howard daga Kansas State, Caleb Downs daga Alabama da Quinshon Judkins daga Ole Miss aka ɗauke shi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a jadawalin zubin sakandare na makarantar da ya yi wa aiki. Shi ya sa yanzu kamfanonin suke fitar da jadawali na biyu na 'yan sauya makaranta, kuma wanda ya duba na farko kaɗai rabin labari ya karanta. Daga 2025 ma, bayan sulhun da kotu ta amince da shi a watan Yuni, makarantu da kansu suna iya raba wa 'yan wasansu kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, an kuma maye iyakar gurbi 85 da iyakar 'yan wasa 105.

Akwai maganar da adalci bai yarda a tsallake ta ba. A 2023 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin Michigan, Connor Stalions, ya shirya tura mutane filayen abokan hamayya suna ɗaukar hoton alamun da kociyoyi ke yi wa 'yan wasa, abin da dokar NCAA ta hana. Gasar Big Ten, wadda makarantun biyu ke ciki, ta dakatar da Harbaugh wasa uku a ƙarshen kakar, ciki har da na Ohio State, kuma a Agustan 2025 NCAA ta ci tarar makarantar mai nauyi, ba ta dai soke nasarorin ba. Magoya bayan Ohio State suna da hujjar ɗaga wannan batu game da 2021 da 2022. Wasan 2023 kuwa bayan tonuwar asirin aka buga shi, na 2024 kuma Harbaugh da Stalions duk ba sa nan.

Idan ka ce in yanke hukunci kan zubin 2021, na Ohio State ya fi, ba na ko tantama. Ya ba da kofin ƙasa, ya ba da 'yan zagayen farko irin su Harrison, Egbuka da Jackson, kuma manyansa da dama sun tsaya har shekara ta huɗu alhali suna iya tafiya NFL. Michigan ta fi ta ne wajen haɗa ƙungiyar da ta dace da wannan wasa guda: sahun gaba masu nauyi, manyan da suka daɗe tare, mai jefa ƙwallon da ba ya yawan kuskure, da yara irin Mike Sainristil, wanda ya shigo a matsayin mai cafe ƙwallo mai tauraro uku, kociyoyi suka mai da shi mai tsaron baya, ya zama kyaftin.

Haka za ka bi da zubin 2025. A Nuwamban 2024 Michigan ta janye Bryce Underwood, na ɗaya a ƙasar, daga alkawarin da ya yi wa jami'ar LSU ta jihar Louisiana. Ɗan Belleville ne, garin da ba shi da nisa da Ann Arbor, don haka ta riƙe yaron gida, a matsayin da ya fi kowanne tasiri, kuma wannan babbar nasara ce ta gaske. Shekara guda bayan haka Ohio State ta je har Ann Arbor ta ci 27 da 9, Underwood yana cikin fili yana ɗan aji ɗaya. Wannan wasan bai isa a yanke wa zubin hukunci ba. Ka rubuta sunayen yaran makarantun biyu ka ajiye, ka dawo kansu a ƙarshen kakar 2028, ka ƙirga nawa suka rage a makarantar, nawa suka zama 'yan sahun farko, nawa daga cikinsu 'yan sahun gaba ne, nawa kuma NFL ta ɗauka.